Ajin Da Gari Ya Kafa Da Hannunsa: Jagorar Karatu Da Sanin Haƙƙi A Ƙauyukan Kambolé

Kambolé, wadda wasu ke rubutawa Kaboli, gari ne a gundumar Tchamba ta yankin tsakiyar Togo, gabas da Sokodé, dab da iyakar Benin. Ƙasar doya ce da masara da waken soya da yazawa da kaɗanya. A kasuwarta za ka ji harshen 'yan gari mai dangantaka da Yarbanci, ka ji Kotokoli da Kabiye da Fulatanci da Hausa. Ƙauyukan da ke kewaye da ita suna fama da irin abin da ke damun ƙauyukan Dapaong can arewa: manya da yawa ba sa iya karanta takardar da ake sa su dangwala wa hannu, yara da yawa ba su da takardar haihuwa, 'yan mata kuma sukan ɓace daga aji tun kafin jarrabawar ƙarshen firamare. Wannan jagora bayani ce kan yadda gari zai kafa ajin kansa, inda manya da matasa za su koyi karatu da lissafi tare da sanin haƙƙinsu. Magana ɗaya ce ginshiƙinta: ajin da ke ɗorewa shi ne wanda mutanen gari suka san dalilin kafa shi, suka zaɓi masu kula da shi, suka kuma riƙe amfaninsa a hannu tun shekarar farko. Don haka jerin aikin yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙidaya ce farko, sai kwamiti, sai malami, sai darasi, sai yaɗa abin da aka koya. Gini shi ne na ƙarshe, ko da yake da shi mafi yawan garuruwa suke farawa.

Togo ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1980 matsin tattalin arziki ya sa gwamnati ta rage ɗaukar malamai. Daga nan aka shiga rikicin siyasa da dogon yajin aikin gama-gari na 1992 zuwa 1993, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta a 1993, darajar sefa kuma ta faɗi da rabi a Janairun 1994. Iyaye a karkara suka gaji da jira. Suka kafa rumfunan zana, suka nemo ɗan gari da ya taɓa zaman aji, suka riƙa biyansa da kuɗin karo-karo ko hatsi ko noman gayya. Waɗannan su ne makarantun da aka sani da EDIL, wato makarantun da jama'a suka kafa don ƙashin kansu, kuma sun yawaita a yankin Savanes mai hedkwata a Dapaong. Sun kai boko inda gwamnati ba ta kai ba, kuma bayan soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2008, hukuma ta riƙa karɓarsu tana mayar da su nata. Amma da yawansu sun sha wuya: malami ba shi da horo, albashinsa kan maƙale watanni, da ya sami abin yi a birni sai ya tafi, allo ya zauna babu mai rubutu a kansa. Darasi biyu ke cikin wannan tarihi. Na ɗaya, talakan ƙauye yana iya ɗaukar nauyin ilimi in ya ƙudurta. Na biyu, kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta riƙe aji. Sai da tsari. Tsarin shi ne abin da ke biye.

Mataki na farko: ƙidaya

A kira taro a ƙofar sarki bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hankali ya kwanta. Kada a buɗe taron da maganar makaranta. A share fili, a zana taswirar garin a ƙasa: toka ta nuna hanyoyi, dutse ya tsaya a matsayin gida, a sa alamar masallaci da coci da rijiya da kasuwa da ɗakin shan magani. Sannan kowane mai gida ya ajiye ƙwayar masara ɗaya kusa da dutsensa a madadin kowane yaro da ke zuwa makaranta, da ƙwayar wake ɗaya a madadin kowane yaro da ya isa shiga amma yana gida. In an gama, kowa zai ga da idonsa unguwar da wake ya fi yawa, ba tare da wani baƙo ya yi masa wa'azi ba. Wannan dabara ta zana taswira a ƙasa tana cikin tsarin koyar da manya mai suna REFLECT, wanda ƙungiyar ActionAid ta fara gwadawa a 1993 a Uganda da Bangladesh da El Salvador, kuma amfaninta shi ne wanda bai iya karatu ba ma yana da ta cewa. A yi wa mata nasu zama dabam, domin akwai abin da ba za su faɗa gaban surukai ba. A kuma tura mutane rugagen Fulani da gidajen gona na baƙin manoma, saboda su ne aka fi mantawa, kuma yaransu ne suka fi nisa da aji.

Bayan taswira sai littafi. A sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a ja layuka: sunan gida, sunan yaro, namiji ne ko mace, shekarar haihuwa, yana da takardar haihuwa ko babu, ajin da yake, in ya bari me ya sa, in ba ya gari ina yake kuma wa ya tafi da shi. A ware shafi na manya masu son koyon karatu. Mutum biyu ke shiga kowane gida, namiji da mace, tare da ɗalibin sakandare mai rubutawa. In an kammala, a karanta jimillar a bainar jama'a ba tare da ambaton sunan kowa ba, don kada a kunyata wani gida. Dalilin wannan wahala a fili yake. Cewa jahilci ya yi yawa a garinmu magana ce da ba ta tayar da kowa daga zaune. Amma in aka ce yara kaza ba su da takarda, 'yan mata kaza sun bar aji a bana, samari kaza suna gonakin ƙetare, to an sami aikin da za a raba wa mutane, kuma an sami abin da za a ajiye gaban magajin gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a kawo ciyawa.

Mataki na biyu: kwamiti

Yawancin ƙauyukan Togo suna da kwamitin raya ƙauye da ake kira CVD, makarantun firamare kuma suna da ƙungiyar iyayen yara, APE, da kwamitin tafiyar da makaranta, COGEP. Kada a kafa kishiyarsu. A kafa kwamitin aji a matsayin reshen CVD, a ba APE kujera a ciki. Game da yawan mambobi, akwai abin koyi a tsarin ƙungiyar Tostan, wadda Molly Melching ta kafa a Senegal a 1991: kwamitin mutum 17, aƙalla 9 daga cikinsu mata. Ƙaramin ƙauye zai iya rage adadin, amma kada ya taɓa rinjayen mata, domin su ne suka san wace yarinya ake shirin aurarwa, wace mai ciki ce ba ta zuwa awo, wane yaro ne aka yi wa alkawarin tafiya. A raba aiki a fili: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai bin takardun haihuwa, mai bin zuwan yara makaranta, mai kula da lafiya da tsafta, mai sasanta rigima. Sarki da liman da fasto iyayen tafiya ne. A nemi albarkarsu, a sanar da su kome, amma kada a ɗora musu riƙon kuɗi, domin ranar da lissafi ya ruɗe babu mai iya tsayawa ya tambayi sarki. Wa'adi shekara biyu, sai a sake zaɓe. Akwatin kuɗi ya zama mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daga unguwanni dabam-dabam, ba a buɗe shi sai gaban mutane, kuma kowane wata magatakarda ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. A rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda ɗaya, a kai kwafi ofishin magajin gari. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 30 ga Yunin 2019, Togo tana da ƙananan hukumomi 117 masu zaɓaɓɓun kansiloli, saboda haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa kusa da gida.

Mataki na uku: malami

Wanda zai ja ajin ya cika sharuɗɗa huɗu: yana zaune a garin da iyalinsa, yana jin harshen da ɗalibai ke magana da shi a gida, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin BEPC, wato ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma yana da haƙurin sauraron dattijo ba tare da ya katse shi ba. Na ƙarshen ya fi sauran wuyar samu, ya kuma fi su amfani. In da hali a ɗauki biyu, ɗaya mace, domin akwai magidantan da ba za su bar matansu zama gaban malami namiji ba, kuma gardama da su ɓata lokaci ne. Hausawa suna da tsohon misali a nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai masu mutunci daga ƙauyukansu, ta naɗa su a matsayin jaji, ta ba kowace malfa a matsayin alamar muƙami. Su ke zuwa su ɗauki karatu cikin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan garinsu. Tsarin ya rayu bayanta saboda malamar 'yar gari ce, harshen na gida ne, kuma an girmama ta a idon jama'a. Haka za a yi wa malamin aji: a gabatar da shi a taro, a rubuta yarjejeniya ta shekara ɗaya wadda ta faɗi kwanakin aiki da abin da za a ba shi da ranar biya. Hanya mafi aminci ta biyansa ita ce gonar aji: sarki ya ba da fili, a nome shi da gayya, a sayar da amfanin, a zuba kuɗin a akwati tun kafin a buɗe aji. Kada a fara darasi sai haƙƙin malami na wata shida yana cikin akwatin, domin a daidai nan ne makarantun EDIL da yawa suka yi tuntuɓe. Horo kuwa dole ne. Kwamiti ya rubuta wa sufeton ilimi da ofishin kula da jin daɗin jama'a na gunduma, ya kuma tuntuɓi ƙungiyoyin da suka daɗe a yankin, irin su Plan International a wajejen Sokodé, ya nemi a horar da malaminsa kafin a fara.

Mataki na huɗu: darasi

Lokaci ya bi kalandar gona. Ajin ya fi ƙarfi da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, sau uku a mako, awa biyu kowane zama, ban da ranar kasuwa da Juma'a. A Kambolé a tuna cewa tsintar yazawa tana kamawa daga wajen Fabrairu, tsintar kaɗanya kuma da farkon damina, kuma duka biyun aikin safiya ne, don haka bayan la'asar ya fi dacewa da mata. Da damina a rage zuwa zama ɗaya a mako don kada igiyar ta tsinke. Aji kada ya wuce mutum 25 zuwa 30, kuma a raba na manya da na matasa, saboda saurayi ba ya sakin baki gaban mahaifinsa. Makonnin farko ba na baƙaƙe ba ne. A zauna da'ira, malami ya jefa tambaya: wane irin gari muke so jikokinmu su tarar? Me kowane mutum ya cancanta don kawai shi ɗan Adam ne? Wa ke da alhakin ba shi? Mu kuma me ke kanmu? Amsoshin da za su fito, wato suna da asali, lafiya, ilimi, kariya daga duka da wulaƙanci, faɗin ra'ayi a taro, rabon gado, su ne haƙƙoƙin da dokoki suka rubuta, sai dai yanzu daga bakin mutanen gari suka fito. Daga waɗannan kalmomi ne za a ciro baƙaƙen farko. Lissafi kuma ya fito daga kasuwa: karanta sikeli lokacin da ɗan kasuwa ke auna yazawa, ninka kilo da farashi, rubuta bashin taki, duba saƙon kuɗi na Flooz a waya ba tare da miƙa wa yaron maƙwabta lambar sirri ba. Macen da ta kama kuskuren awo da kanta sau ɗaya ba ta buƙatar a roƙe ta ta dawo aji.

Mataki na biyar: kowane haƙƙi da takardarsa da ƙofarsa

Nan ne zuciyar aikin. Duk haƙƙin da aka tattauna a aji sai a haɗa shi da abu uku: dokar da ta tabbatar da shi, ofishin da ake zuwa, da mutumin kwamiti da zai raka mai nema. A fara da takardar haihuwa, domin ita ce mabuɗin sauran. Dokar Togo ta 2009 ta ba da kwana 45 a yi rajistar jariri a ofishin rajistar haihuwa, kuma tun 1 ga Janairun 2022 bayar da takardar kyauta ne. Mai bin takardu ya ƙulla hulɗa da ungozoma da ma'aikacin ɗakin shan magani, kuma ya halarci kowane suna da littafinsa. Ranar suna jariri yana da kwana bakwai, saura 38, don haka a sa ranar zuwa ofis tun kafin a watse. Yaron da ya wuce wa'adi sai an je kotu an sami hukuncin da ke maye gurbin takardar, wanda a Faransanci ake kira jugement supplétif, kuma wannan yana cin kuɗi da shaidu da zirga-zirga. Maimakon kowane uba ya yi ta fama shi kaɗai, kwamiti ya tattara sunayen daga littafin ƙidaya, ya fara da 'yan aji biyar da shida waɗanda jarrabawar ƙarshen firamare ta CEPD ke gabansu, ya nemi magajin gari ya roƙi kotu ta zo ta yi zama a garin, abin da aka saba yi a Togo. Rana ɗaya irin wannan, da iyaye ke komawa gida da takarda a hannu, ta fi wa'azin shekara gamsar da masu shakka.

Sauran haƙƙoƙin ma haka. Tsarin mulkin 1992, wanda ya yi aiki har zuwa 2024, a sashe na 35 ya wajabta karatu ga yara maza da mata har shekara 15, kundin dokokin yara na 2007 ya sa shekarun aure 18, dokar ƙarshen 2022 kuma ta tanadi hukunci ga mai lalata da ɗalibai. Aikin mai bin makaranta shi ne ya leƙa rajistar malamai kowane mako. Yarinyar da ta yi kwana uku ba ta zo ba, a je gidansu cikin ladabi a ji dalili tun abin bai yi nisa ba. Dokar 17 ga Nuwamban 1998 ta haramta kaciyar mata, al'adar da binciken lafiya ya nuna ta fi yawa a yankin tsakiya. Dokar 2005 ta haramta safarar yara, kuma wannan ciwo ne da yankin Tchamba ya sani: rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2003 ya bayyana yadda ake kwasar samari zuwa gonakin Nijeriya su yi ta wahala, ladan da suke komowa da shi keke ne ko rediyo, 'yan mata kuma a kai su aikatau a Lome ko Gabon. Layin littafin ƙidaya da ke tambayar ina yaro yake kuma wa ya tafi da shi, domin wannan aka ja shi. Akwai kuma lambar waya 1011 ta kai ƙarar cin zarafin yara. Dokar filaye ta 2018 ta ba mace damar mallakar ƙasa daidai da namiji, abin da ya shafi kowace bazawara da aka kora daga gonar mijinta. Ƙa'idar kwamiti ita ce a fara da sulhu a cikin gida, amma fyaɗe da safarar yaro da kaciya ba abin sasantawa ba ne. Na hukuma ne.

Mataki na shida: yaɗawa

Kowane ɗalibi ya ɗauki mutum ɗaya da ba ya zuwa aji, miji ko kishiya ko aboki, ya riƙa ba shi labarin abin da aka tattauna. Sannan gari ya aika wakilai garuruwan da yake auratayya da su. Dalilin ya bayyana a Senegal. A ranar 31 ga Yulin 1997 matan ƙauyen Malicounda Bambara, bayan sun yi ajin Tostan, suka shelanta barin kaciyar mata. Wani limami daga Keur Simbara, Demba Diawara, ya ja hankali cewa gari ɗaya ba zai iya barin al'ada shi kaɗai ba, domin 'ya'yansa mata za su rasa mazan aure a garuruwan dangi. Ya taka da ƙafa ya zaga danginsa gari-gari, har a Fabrairun 1998 ƙauyuka 13 suka yi shela tare a Diabougou. Togo ma ta yi babban taron shelar barin kaciya a Sokodé a ƙarshen 2012. Abin lura ga Kambolé shi ne danginta sun ratsa iyaka zuwa Benin, saboda haka duk shawarar da ta shafi aure ko tafiyar yara, in ba a kai ta ga dangin ƙetare ba, rabinta aka yi.

Mataki na bakwai: gini da taimakon waje

Inuwar mangwaro da allo da benci sun isa shekarar farko. In bukatar gini ta taso, a fara da takardar kyautar fili mai sa hannun mai filin da sarki da magajin gari, sannan a tuntuɓi sufeton ilimi kafin a aza tubali, don ginin ya dace da ma'aunin da gwamnati za ta karɓa ta turo malami. Taimakon waje abin so ne, kuma Kambolé tana da misali na gida. Olowo-n'djo Tchala, haifaffen garin wanda talauci ya fitar daga makaranta tun yana yaro, ya kafa kamfanin Alaffia a Amurka a 2003 tare da matarsa Prairie Rose Hyde. Mata a Sokodé ne suka riƙa sarrafa wa kamfanin man kaɗanya, kuma daga ribar an raba wa ɗalibai dubban kekuna, an gina azuzuwa, an kai bencina. Keken da ke jan yaro zuwa gonar ƙetare, in aka ba shi don zuwa makaranta, ya zama abin da ke riƙe shi a aji. Sai dai mai taimako yana buƙatar wanda zai gaya masa wace yarinya ce ke tafiya mafi nisa, wa zai gyara keken in ya lalace, wa zai tabbatar ba a karɓe shi an kai gona ba. Garin da ke da littafi da kwamiti yana da amsa. Wanda ba shi da su, kyauta takan zame masa sanadin rigima.

Amsa ga masu ja

Akwai mai cewa ilimi aikin gwamnati ne, kuma sa talaka ya biya malami sauke wa hukuma nauyi ne. Maganarsa tana da ƙarfi, domin a zamanin EDIL mafi talaucin ƙauyuka ne suka biya abin da birni ke samu a sauƙaƙe, kuma wannan rashin adalci ne. Amma ajin da ake bayani a nan ba ya maye gurbin makarantar gwamnati. Yana cika ta da yara, yana sa ido a kanta, yana koya wa iyaye rubuta takardar neman malami da bin ta har a amsa. Hukuma ta fi jin muryar garin da ya zo da alƙaluma da sa hannun mutane fiye da garin da ya zo da kuka kawai.

Akwai mai cewa maganar haƙƙin ɗan Adam kayan Turawa ne da aka kawo don rushe addini da tarbiyya. Wannan tsoro ba a raina shi, kuma wasu masu yaɗa maganar ne suka jawo shi da rashin ladabinsu. Amsar ita ce a duba abin da ake nema ɗaya bayan ɗaya: a san asalin yaro, a ilmantar da mace, kada a ci dukiyar maraya, a nemi yardar yarinya kafin aure, kada a tauye mudu. Wane liman ne zai ce waɗannan baƙi ne a Musulunci? Afirka ma tana da nata kundin haƙƙin ɗan Adam na 1981 da na haƙƙin yara na 1990, waɗanda suka haɗa haƙƙi da nauyin da ke kan mutum ga iyayensa da al'ummarsa, kuma Togo ta kafa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tun 1987. Inda aka sami saɓani na gaske, kamar shekarun aure, a zaunar da malamai da ungozoma da iyaye, a saurari abin da haihuwar wuri ke yi wa jikin yarinya, a kuma faɗi abin da doka ta ce ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shawarar da aka cimma a irin wannan zama ta fi wadda aka aiko daga Lome daɗewa.

Akwai kuma mai cewa karatu da harshen gida ɓata lokaci ne tunda takardun hukuma da Faransanci suke. Gaskiya ne ana buƙatar Faransanci, amma babba ya fi saurin kama baƙaƙe a harshen da yake tunani da shi, kuma baƙaƙen boko kusan ɗaya ne. A fara da harshen gida, ko na Kambolé ne, ko Kotokoli, ko Moba a Dapaong, ko Hausa a zango, a shekara ta biyu a shigo da Faransancin da ake buƙata: cike takarda, karanta katin asibiti, rubuta wasiƙa. Mai cewa yunwa ba ta barin karatu kuwa, a haɗa masa ajin da adashi, a nuna masa abin da yake asara a bakin sikeli. A yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, a sanar da hukuma kafin kowane taro, a yi aji da rana, a kuma sa yaran 'yan gudun hijira cikin ƙidaya, domin su ne suka fi rasa takardu.

In shekara ta zagayo, a koma filin da aka zana taswira, a buɗe littafin, a sake ƙidaya: takardun haihuwa nawa aka samu, yara nawa suka koma aji, mata nawa ke rubuta sunansu, nawa ya rage a akwati. In babu ci gaba, a canza abin da bai yi ba, ko da shugaban kwamiti ne. Kira gare ku sarakuna da limamai da shugabannin mata da matasan Kambolé da Sokodé da Dapaong: kada ku jira wata ƙungiya ta zo da mota kafin ku motsa. Littafi ɗaya da alƙalami da taron yini ɗaya sun isa a fara. Ku sa rana bayan girbin bana, ku ƙidaya 'ya'yanku.